Bindiga a Tsibiri Mai Nisa: Dalilin da Ya Sa Dokoki Suka Yi Hannun Riga da Juna

A tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, can kusa da ƙurewar arewacin duniya, duk wanda zai fita bayan gari doka ta wajabta masa ya riƙe abin da zai kori farin beyar, ƙatuwar dabbar nan mai cin nama da ke rayuwa a kan ƙanƙara. Ofishin gwamnan yankin yana ba da shawarar a haɗa da bindiga. A Palau kuwa, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik mai mutane kimanin 18,000, tsarin mulki ne da kansa ya haramta wa farar hula mallakar bindiga da harsashi, kuma ba za a sassauta ba sai an yi ƙuri'ar raba gardama, mafi yawan ƙuri'un da aka jefa sun amince. Wuraren biyu duk masu nisa ne, ba su da yawan jama'a, ruwa ya kewaye su ta ko'ina, amma hukuncinsu a kan abu ɗaya ya saɓa.

Alƙaluma ma suna ƙara ɗaure kai. A ƙiyasin da cibiyar Small Arms Survey ta Jeneba ta yi kan shekarar 2017, Amurka ce kan gaba da bindiga kusan 120 ga kowane mutum 100. Mai bi mata ba wata ƙasar yaƙi ba ce, tsibiran Fokland ne na kudancin tekun Atlantika, da kusan 62. Tsibirin New Caledonia da ke ƙarƙashin Faransa yana da sama da 40, Aislan kuma wajen 30, alhali 'yan sandan Aislan ba su saba yawo da bindiga ba, kuma sai a Disamba 2013 ne suka taɓa harbe mutum har lahira a tarihinsu.

Mai son fahimtar wannan lamari sai ya dubi shi kansa nisan waɗannan wurare. Nisan da ke sa mutumin tsibiri ya buƙaci bindiga shi ne kuma ke nesanta shi da asibiti, da 'yan sanda, da mai gyara, da mai sa ido. Kusan duk gardamar da ake yi ta samo asali daga nan.

## Kalmomin da ya kamata a bambance

Dokokin yawancin ƙasashe ba sa ɗaukar bindigogi a matsayin abu ɗaya. Akwai doguwar bindiga mai harba harsashi guda zuwa nesa, wadda ake farautar manyan dabbobi da ita. Akwai bindigar harbin tsuntsaye, mai baki ɗaya ko biyu, da ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma ko ƙarfe a ɗan gajeren zango. Akwai ƙaramar bindigar hannu, wato fistol ko libarba, wadda hukumomi suka fi tsananta wa domin tana ɓoyuwa a jiki. Sai bindigar iska, wadda ba ta aiki da albarushi. A cikin dogayen ma ana ware masu ɗura wa kansu harsashi bayan kowane harbi, kuma su ne aka fi haramtawa a shekarun baya-bayan nan.

Lasisi daban, rajista daban. Lasisi na mutum ne: shaida ce cewa hukuma ta bincike shi ta ga ya cancanta. Rajista ta bindiga ce: lambarta, irinta, da sunan wanda take hannunsa. Ƙasa na iya samun ɗaya ba tare da ɗayan ba. Niyu Zilan ta daɗe tana ba mutane lasisi ba tare da cikakkiyar rajistar dogayen bindigogi ba, sai a Yuni 2023 aka buɗe sabon kundin rajista.

Kalma ta uku ita ce ginshiƙin dokokin Birtaniya da Ostireliya da wuraren da suka yi koyi da su: ƙwaƙƙwaran dalili. Mai neman lasisi sai ya faɗi abin da zai yi da bindigar, ya kuma kawo hujja. Farauta dalili ce, kashe dabbobin da ke ɓarna a gona dalili ne, wasan harbi a ƙungiyar da hukuma ta sani dalili ne. Kare kai daga ɗan'adam ba ya cikin jerin a Ostireliya, haka ma a Ingila da Sukotlan. A Amurka kuwa Kotun Ƙoli ta yanke a 2008 cewa riƙe bindiga a gida domin kare kai haƙƙi ne na tsarin mulki. Tsibirai sun gaji wannan saɓani daga ƙasashen da ke mulkinsu.

## Yadda bindiga ta zama kayan aiki

A tsibiri mai nisa, abinci yana zuwa ne a jirgi, da tsada, kuma ba kullum ba. Tristan da Cunha, tsibiri a kudancin tekun Atlantika mai mutane wajen 250, ba shi da filin jirgin sama. Tafiyar kusan kwana shida ce a teku daga birnin Cape Town. A Girinlan, babban tsibirin ƙanƙara da ke ƙarƙashin Denmak, ƙauyuka da dama har yau sun dogara ne da naman da maharba ke kawowa daga teku da tudu. A Fokland tumaki sun ninka mutane sau ɗari da ɗoriya, gonakin kiwo kuma suna da faɗi da nisa da juna, don haka makiyayin da dabbarsa ta karye a jeji shi zai hutar da ita da hannunsa, ba zai jira likitan dabbobi ba.

Dalili na biyu ya fi wannan tsawon tarihi. Matuƙan jiragen ruwa na ƙarnonin baya sun riƙa sakin awaki da aladu da zomaye a tsibiran da suka ratsa, domin su sami nama idan sun dawo. Dabbobin ba su tarar da abin da zai cinye su ba, sai suka hayayyafa suka cinye tsirrai, suka lalata sheƙar tsuntsayen da ba a samunsu a ko'ina sai can. A tsibiran Galapagos na Ekwado, awaki sun ƙwace wa manyan kunkuru abincinsu, har aka ƙaddamar da wani shiri daga 1997 zuwa 2006 wanda ya kawar da awaki sama da 140,000, galibi ta hanyar harbi daga jirgi mai saukar ungulu. A tsibirin South Georgia, barewar ƙanƙara da masu farautar whale, ƙatuwar dabbar teku, 'yan Norwe suka shigo da ita a 1911 ta yi yawa, aka kashe sama da 6,000 a 2013 da 2014. A Hawai, jihar tsibirai ta Amurka, barewar da aka kai wa Sarki Kamehameha na Biyar kyauta a shekarun 1860 ta zama annoba ga manoma a Molokai da Lanai da Maui.

A nan akwai wani abu da ake yawan cakuɗawa. Waɗancan manyan ayyuka na kawar da dabbobi ƙwararru ne da aka ɗauka haya suka yi su. Mafarauci mai neman nama ko nishaɗi burinsa dabbar ta ragu amma kada ta ƙare, mai kare muhalli kuwa so yake a share ta baki ɗaya. A Hawai an kai wannan rigima kotu, inda a 1979 alƙali ya umarci jihar ta kawar da tumaki da awakin dajin da take renonsu domin farauta a dutsen Mauna Kea, saboda suna cinye itacen da wani tsuntsu mai suna palila ke rayuwa a kansa. Har yau tsamin dangantaka tsakanin ɓangarorin biyu bai gushe ba.

Svalbard ce misalin dalili na uku, wato dabba mai kisa. A Agusta 2011 farin beyar ya kashe wani ɗalibi ɗan Birtaniya mai shekara 17 a sansanin da suka yada zango. Wayar gargaɗin da aka kewaye sansanin da ita ba ta yi aiki ba, bindigar da ke hannun jagoransu kuma ta ƙi tashi a karon farko. A Agusta 2020 an sake kashe wani mutum a tantinsa kusa da garin Longyearbyen. Duk da haka dabbar tana ƙarƙashin kariya tun 1973. Harbinta sai in babu wata mafita, kuma duk wanda ya kashe ta sai an bincike shi. Daga 1 ga Janairu 2025 an ƙara da cewa dole a bar tazarar mita 300 tsakanin mutum da dabbar, ko mita 500 daga Maris zuwa ƙarshen Yuni. Wasu na ganin kamar akwai tufka da warwara a ce ka ɗauki bindiga kuma a hukunta ka in ka matsa kusa, amma manufar ɗaya ce: bindigar ta zama matakin ƙarshe bayan tazara da tsoratarwa sun gaza. A cikin garin kuma ba a yarda a yi yawo da bindiga a ɗure ba, shaguna da dama ma suna da alamar hana shiga da ita.

## Wane ne ke rubuta dokar?

Tsibirai kaɗan ne ke tsara dokar bindigarsu daga tushe. Wasu suna bin dokar babbar ƙasa kai tsaye, kamar tsibiran Shetland da Orkney na arewacin Sukotlan da ke bin ta Birtaniya, tare da ƙarin dokar Sukotlan wadda ta wajabta lasisi har ga bindigar iska tun ƙarshen 2016. Wasu suna da majalisarsu. Bayan kisan yara 16 da malamarsu a garin Dunblane a 1996, Birtaniya ta haramta ƙananan bindigogin hannu a 1997, amma haramcin bai shafi tsibirin Jersey ko tsibirin Man ba, domin suna da dokokinsu. A Jersey shugabannin gundumomi 12 na tsibirin ne ke ba da takardar izini.

Wani lokaci babbar ƙasa ce ke tilasta wa tsibiri ya sassauta. Tsibiran Mariana ta Arewa, yankin Amurka a Pasifik, sun shafe shekaru da dama da haramcin fistol, sai a 2016 kotun tarayya ta soke shi. Majalisar yankin ta sa harajin dala 1,000 a kan kowace fistol, kotu ta sake sokewa a shekarar. Wani lokaci kuma abin da ya faru a tsibiri ne ke sauya dokar ƙasa gaba ɗaya. Tsibirin Tasmaniya na cikin jihohin Ostireliya masu sakwa-sakwan doka kafin 28 ga Afrilu 1996, ranar da wani mutum ya kashe mutane 35 a Port Arthur. Cikin makonni gwamnatin Firayim Minista John Howard da jihohi suka amince da yarjejeniyar ƙasa: haramta dogayen bindigogi masu ɗura wa kansu, jiran kwana 28 kafin a mallaki bindiga, da sayen bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a domin a lalata. Niyu Zilan ta bi irin wannan hanya bayan harin masallatai biyu na Christchurch a 15 ga Maris 2019, inda aka kashe mutum 51.

Dokokin da aka haifa bayan irin waɗannan masifu an rubuta su ne da babban yanki a zuciya. Suna ɗauka cewa akwai ofishin 'yan sanda kusa, akwai dillali mai lasisi, akwai filin harbi, akwai likita. A ƙaramin tsibiri wani daga cikin waɗannan kan rasa, wani lokaci ma dukansu.

## Neman lasisi a garin da kowa ya san kowa

A Birtaniya takardar izini tana aiki shekara biyar. Mai nema zai kawo mutanen da za su tsaya masa shaida, jami'i zai zo gida ya duba akwatin ƙarfen da za a kulle bindigar, kuma tun Nuwamba 2021 dole ne a gabatar da bayanin lafiya daga likita. A Niyu Zilan ana yi wa mai nema tambayoyi, ana kuma ganawa da matarsa ko mijinta ko wani makusanci.

A tsibiri mai mutum ɗari biyu ko uku, wannan tsari yana da fuska biyu. Jami'in ya san mai neman tun yana yaro, ya san ko yana shaye-shaye, ya san ko ana jin hayaniya a gidansa da dare. Babu takardar da za ta ba da wannan sani a babban birni. Amma jami'in nan maƙwabci ne, wataƙila ma suruki, kuma hana mutum lasisi a irin wannan wuri na nufin za ku ci gaba da haɗuwa a shago ɗaya da tashar jirgi ɗaya har tsawon rai. Matar da mijinta ke yi mata barazana za ta yi tunani sau da yawa kafin ta kai ƙara wurin abokinsa. Mutumin da damuwa ta kama shi zai iya ƙin zuwa wurin likita tilo da ke tsibirin, saboda tsoron kada maganar ta kai ga karɓe masa bindigar da yake ciyar da iyalinsa da ita. Wannan matsala ta ƙarshe ita ce mafi wuyar warwarewa, domin dokar da aka yi don gano mai rauni tana iya sa shi ya ɓoye rauninsa.

Saboda haka wasu hukumomi ke raba aikin: jami'in gari ya duba gida ya tattara bayani, yanke hukunci kuma a yi shi a hedikwata mai nisa. Farashin hakan shi ne jinkiri, wani lokaci na watanni.

## Harsashi ya fi bindiga wahalar samu

Bindiga sau ɗaya ake sayenta, harsashi kuwa ƙarewa yake yi. A dokokin sufuri na duniya, harsashi yana cikin rukunin abubuwa masu fashewa. Fasinjan jirgin sama ba zai wuce da fiye da kilo 5 ba, a cikin kayan da ake sakawa a rumbun kaya na jirgi, cikin kwalinsa, kuma da amincewar kamfanin. Garin albarushi zalla ba a yarda fasinja ya ɗauke shi ba sam. A jirgin ruwa ana buƙatar takardu na musamman da wurin ajiya na daban, shi ya sa wasu kamfanonin dakon kaya ba sa karɓar ƙaramin oda, ko su caji kuɗin da ya fi na kayan. A Birtaniya kuma ba a aika wa mutum bindiga gida ta gidan waya. Sai an miƙa masa hannu da hannu, yawanci ta wurin dillali mai rajista. Idan babu dillali a tsibirin, sai tafiya.

Daga nan wani cin karo ke tasowa. Hankali zai ce wa mazaunin tsibiri ya sayi mai yawa ya ajiye tun da jirgi ba kullum yake zuwa ba. Doka kuwa, a wurare irin Birtaniya, tana rubuta a jikin takardar izini adadin harsashin doguwar bindiga da mutum zai iya riƙewa. Mafitar da aka fi bi ita ce ƙungiya ta haɗa odar mambobinta ta shigo da ita gaba ɗaya, ta ajiye a ɗaki mai tsaro.

Sai iskar teku. Gishiri da laima suna sa ƙarfe tsatsa cikin kwanaki, har a cikin akwatin da aka kulle, kuma tsatsar cikin bututun bindiga ba a ganinta daga waje. Inda babu maƙerin bindiga, ƙaramar matsala kan sa mutane su yi gyaran da ba su ƙware a kai ba, ko su ci gaba da amfani da abin da ya kamata a ajiye.

## Wasan harbi a ƙasa mai ƙarancin faɗi

Wasan harbi iri-iri ne. Akwai harbin allo da bindigar iska daga mita 10, wanda ake yi a cikin ɗaki kuma yana cikin wasannin Olamfik. Akwai harbi daga mita 50 da ƙaramin harsashi. Akwai harbin faifan yumɓu da inji ke cillawa sama. Akwai kuma harbin nesa da manyan bindigogi, mai buƙatar ɗaruruwan mitoci.

Ga ƙananan tsibirai wasan yana da wata daraja ta daban. Al'ummar da ba za ta iya haɗa ƙungiyar ƙwallo mai ƙarfi ba tana iya fitar da gwanin harbi ɗaya ko biyu. Fokland ta fara halartar wasannin ƙasashe rainon Ingila a 1982 ne da maharba. Gasar tsibirai da aka fara a tsibirin Man a 1985, wadda ake yi duk bayan shekara biyu, ta sha haɗawa da harbi, kuma wurare irin su Saint Helena da Gotland da Shetland suna tura 'yan wasa. Da aka cire harbi daga wasannin ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Birmingham a 2022, ƙananan yankuna na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Matsalar ita ce fili. Ƙaramin harsashin da ake raina wa yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, na babbar bindigar farauta kuma kilomita uku zuwa huɗu ko fiye. Tsibirin Pitcairn na tekun Pasifik gaba ɗayansa tsawonsa bai wuce kilomita uku da 'yan kai ba. Wanda bai sani ba zai ce ai sai a juya baki wajen teku, tun da babu kowa. Wannan kuskure ne mai haɗari: harsashi yana tsalle a kan ruwa ya sauya hanya, kuma a tekun akwai masunta da ƙananan jirage da ba lallai a hango su ba. Filin harbi na gaskiya yana buƙatar tudun ƙasa ko yashi a bayan allo, da tutar gargaɗi, da sanarwa ga jiragen ruwa idan yankin haɗarin ya shiga teku.

Akwai kuma sharaɗin halarta. A Niyu Zilan mai izinin fistol dole ya halarci harbin ƙungiyarsa aƙalla sau 12 a shekara. A Birtaniya sabon mamba yana zaman gwaji na aƙalla wata uku, kuma ƙungiya na sanar da 'yan sanda idan mutum ya shekara bai yi harbi ba. Manufar ita ce kada wasa ya zama fakewa. Amma ga wanda ke tsibirin da babu ƙungiya, sharaɗin ya zama haramci a aikace, sai dai in zai iya biyan kuɗin jirgi a kai a kai.

Dalma ma ta shigo cikin lissafi. Tsuntsayen ruwa suna haɗiye ƙwayoyinta su mutu, kuma binciken da aka yi a Girinlan ya nuna ƙarin dalma a jinin masu yawan cin tsuntsayen teku da aka harba da ita. Denmak ta haramta ƙwayoyin dalma tun 1996, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da su a fadamu daga Fabrairu 2023. Madadin ƙarfe yana nan, amma ba kowace tsohuwar bindiga ke jure shi ba, kuma a tsibiri tsofaffin bindigogin gado sun fi yawa.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan sassauci suna kafa hujja da cewa yawan bindiga a wurare irin Fokland da Aislan bai haifar da yawan kisa ba. A ganinsu abin da ke tsare al'umma shi ne tarbiyya da horo da sanin juna, kuma dokar da aka yi domin matsalar birane tana ɗora wa makiyayi da mafarauci nauyin laifin da ba nasu ba. Suna kuma nuni da tsibiran Solomon. Bayan rikicin ƙabilanci, rundunar da Ostireliya ta jagoranta ta isa a Yuli 2003, ta tattara bindigogi sama da 3,000. Zaman lafiya ya samu, amma mazauna ƙauyukan gaɓa sun riƙa kokawa cewa kadoji sun yi yawa suna kama mutane, su kuma ba su da abin harbi, sai sun jira 'yan sanda sun zo daga nesa. Hana cinikin fatar kada ma ya taimaka wajen ƙaruwar dabbar, don haka ba a kan rashin bindiga kaɗai za a ɗora abin ba.

Masu goyon bayan tsanantawa suna cewa tsibiri ne wurin da doka ta fi yin tasiri, domin mashigai kaɗan ne, ana iya sa ido a tashar jirgi. Hawai tana da dokoki masu tsauri, kuma tana cikin jihohin Amurka masu mafi ƙarancin mutuwa ta hanyar bindiga. Suna ƙara da cewa sanin juna ba garkuwa ba ne. A ranar 1 ga Janairu 1990 wani matashi ya harbe mutum bakwai a ƙaramin garin Narsaq na Girinlan. A New Caledonia, da tarzoma ta ɓarke a Mayu 2024, yawan bindigogin farauta da ke hannun jama'a ya zama babban abin damuwa, har hukumomi suka hana sayar da makamai da yawo da su. A Pitcairn, mai mutane kusan 50, an nemi mazauna su miƙa bindigoginsu a 2004 kafin wata shari'a da ta raba kan tsibirin, duk da cewa da su suke harbin awakin daji.

Hujjarsu mafi nauyi ba ta shafi laifi ba. A Amurka fiye da rabin mutuwar da ake yi da bindiga kisan kai ne da mutum ke yi wa kansa. Kusan tara cikin goma na waɗanda suka gwada hakan da bindiga ba sa tsira, alhali yawancin waɗanda suka tsira daga wani yunƙuri ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Girinlan na cikin wuraren da wannan musiba ta fi yawa a duniya, musamman tsakanin samari. Kaɗaici, doguwar hunturu, giya da ƙarancin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa sun haɗu da bindigar da ke rataye a kusan kowane gida.

Idan aka auna, kowane ɓangare yana da gaskiya a kan abin da ya fi kallo. Alƙaluman ƙananan al'ummomi kuma suna buƙatar taka-tsantsan, domin a wurin da mutane dubu uku ne, shekara goma ba tare da kisa ba ba ta tabbatar da komai, kamar yadda mummunan lamari guda zai iya sa adadin ya yi tsalle. Abin da ɓangarorin biyu suka fi kusantar juna a kai shi ne ajiya: bindiga a kulle, babu harsashi a cikinta, harsashin kuma a wani wurin daban.

## Abin da ya shafi mutum da iyalinsa

Ga wanda zai koma tsibiri da zama, lasisin da yake da shi a wani wuri ba lallai ya yi aiki a can ba, ko da tuta ɗaya ce. A Hawai wanda ya shigo da bindiga dole ya yi mata rajista wurin 'yan sanda cikin kwana biyar. A Svalbard an tsaurara hayar bindiga tun 2021, baƙon da ba shi da lasisi sai ya nemi izinin gwamna tukuna. Jirgin da ya ya da zango a wata ƙasa a hanya yana iya jefa matafiyi ƙarƙashin dokar wannan ƙasar. Masu yawo da ƙananan jiragen ruwa kan tarar cewa dole su bayyana makaminsu a kowace tasha, wasu wuraren ma a karɓe a ajiye har ranar tashi.

Ga mazauna, babban bambanci shi ne lokaci. Raunin harbi da za a iya ceto a birni yana iya zama ajali inda jirgin ɗaukar marasa lafiya zai ɗauki sa'o'i, ko kwanaki idan yanayi ya ɓaci. Shi ya sa ƙungiyoyin harbi masu tsari ke haɗa horon tsayar da jini da na riƙon bindiga, suna kuma hana mutum fita farauta ba tare da ya faɗi inda za shi da lokacin dawowarsa ba. Ƙarar harbi tana wuce ma'aunin da ke lalata ji nan take, don haka abin toshe kunne wajibi ne ko da harbi ɗaya za a yi.

Iyalan da ke da wani a cikin matsananciyar damuwa suna da mataki guda da likitoci da ƙungiyoyin maharba suka yarda da shi: a fitar da bindigar daga gidan na ɗan lokaci. A babban yanki ana kai ta wurin dillali ko 'yan sanda. A tsibirin da babu dillali, kuma doka ta hana miƙa bindiga ga wanda ba shi da izininta, wurin da ya rage shi ne ofishin ɗan sanda ko ɗakin ajiyar ƙungiya. Ko mutane za su yi amfani da wannan hanya ya danganta ne da tabbacin da hukuma ta ba su cewa ajiyar wucin gadi ba za ta zama ƙwacewa ta dindindin ba, da kuma cewa labarin ba zai zaga tsibirin ba.